NCE, Digiri, PGDE ko NTI: Wace Ƙofa Za a Bi Zuwa Aikin Koyarwa?

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, zaurena ba ya rabuwa da baƙi. Iyaye ne da 'ya'yansu, sun san na tsufa a aikin koyarwa, na kuma yi shekaru ina zagaya makarantu ina duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, NCE zai yi ko ya jira jami'a?" Wasu kuma manya ne masu digiri ko HND, sun samu aiki a makarantar kuɗi, yanzu an ce sai sun kawo lasisin koyarwa. Ba amsa ɗaya nake ba kowa ba, amma da mudu biyu nake auna kowace hanya. Na farko, ko takardar za ta kai mutum ga rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, ba tare da tangarɗa ba. Na biyu, ko za ta shirya shi tsayuwa a gaban irin ajin da muke da shi a Arewa.

Maganar lasisi ta canza sosai a kan idonmu. A zamaninmu takardar malanta ta Grade II ta isa a ba mutum aji, daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. An kafa TRCN da doka tun 1993, amma shekara da shekaru cike fom kawai ake yi a biya kuɗi a karɓi takarda. A 2017 aka fara jarrabawar cancanta, kuma a kwamfuta ake zana ta. Wanda ya ci sai a yi masa rajista a rukuninsa: mai digirin digirgir a rukunin A, mai digiri na biyu a B, mai digirin farko a C, mai NCE a D. Takardar rajista daban, lasisi daban, shi lasisin duk bayan shekara uku ake sabunta shi. An taɓa sa ƙarshen Disambar 2019 a matsayin wa'adin fitar da marasa rajista daga aji, wa'adin ya wuce ba a ga wani abin a zo a gani ba, shi ya sa mutane da yawa suka saki jiki. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya saki nasa. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa daga 2027 makarantar sakandaren da malamanta ba su da shaidar TRCN ba za ta samu izinin zama cibiyar jarrabawar WAEC ko NECO ba. Mai makarantar kuɗi ba zai yarda ya rasa cibiyarsa saboda malami ɗaya ba. Kuma wanda ya tuna 2017 a Kaduna, lokacin da malaman firamare 21,780 suka faɗi jarrabawar gwajin da gwamnatin jihar ta yi musu suka rasa aikinsu, ya san ana iya kwana da aiki a tashi babu.

Mudu na biyu ya fi damuna, domin ba a cika tambaya a kansa ba. Wata rana na je duba wata ɗaliba mai gwajin koyarwa a aji uku na wata firamare a bayan gari. Yara sun haura casa'in, rabinsu a ƙasa. Ta shirya darasinta tsaf, rubutunta a allo gwanin kyau. A can ƙuryar baya akwai wata yarinya da ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya, sai dai ta leƙa littafin ta kusa da ita ta kwafa. Na tambayi malamin ajin, ya ce ai daƙiƙiya ce, haka take tun aji ɗaya. Da aka fita tara na tsaya a bayanta na kira sunanta, shiru. Na zagayo gabanta na sake kira, nan take ta amsa, idonta a kan bakina. Ba ta ji sosai ne, shekara uku ba wanda ya lura. Muka dawo da ita layin gaba, na ce wa ɗalibar ta daina magana tana fuskantar allo. Da na koma bayan wata guda, yarinyar har karatu ta tashi ta yi mini.

A ajin nan kuma akwai ɗan Fulanin da da Fulfulde ya tashi, akwai almajiri ɗan shekara goma sha biyu da ya sauke izu da yawa amma bai san baƙaƙen boko ba, akwai yaran da tashin hankali ya koro daga ƙauyukansu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa. Ke nan makaho da kurma da gurgu ba sai a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano ko makarantar makafi ta Gindiri kaɗai za a same su ba, suna nan cikin kowane aji.

To, NCE. Shekara uku ce a kwalejin ilimi, hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, ke sa ido a kanta, kuma ita ce mafi sauƙin shiga da sauƙin kuɗi. Ga wanda zuciyarsa ke kan firamare, ban ga wadda ta kai ta ba. Dalilina shi ne gwajin koyarwa: zango guda cur ɗalibi ke yi a aji, alli a hannu, ana zuwa ana duba shi. Amma a kula da zaɓen kwas. Yawancin yara kan ruga zuwa haɗin darussa biyu, kamar Turanci da Hausa, ko Larabci da Addinin Musulunci, alhali sashen ilimin firamare da na ƙananan yara da na masu buƙata ta musamman su ne ke koyar da yadda yaro ke fara gane baƙi da wasali. Mai son ƙwarewa a rubutun makafi da maganar hannu ya dubi Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977. Nisa ne, na sani, amma waɗanda suka fito daga can ba sa yawa a Arewa, ana nemansu. (Ya kuma san cewa maganar hannun da ake koyarwa a makaranta daga ta Amurka ta samo asali, ta sha bamban da wadda kuramenmu ke yi a kasuwa da unguwa. Malamin kirki sai ya koyi duka biyun.) Iyayen da ke ɗari-ɗarin tura 'ya mace makarantar haɗaka, akwai kwalejin tarayya ta Gusau, mata zalla ce.

Inda NCE ta gaza shi ne albashi da ƙarin girma. A mataki na 7 ake ɗaukar mai ita, mai digiri kuma a na 8, ba ta kuma kai mutum bautar ƙasa. A da wannan ne ke sa yara gudunta. Yanzu dokar kwalejojin ilimi na tarayya ta 2023 ta ba su damar bayar da NCE da digiri a ƙarƙashin rufi ɗaya, an kuma mayar da tsofaffin kwalejojin tarayya na Zariya da Kano jami'o'in ilimi. Sai dai ba kowace kwaleji ba ce ta samu amincewar bayar da digiri a kowane kwas. Kada a dogara da allon bakin ƙofa, a shiga ofishin rajistara a tambaya kwas-kwas.

Digirin ilimi a jami'a shekara huɗu ne, ko uku ga mai NCE da ya shiga kai tsaye a aji biyu. Shi ya fi dacewa da mai son koyar da babbar sakandare ko mai hangen zama shugaban makaranta ko malamin kwaleji. Jami'ar Bayero da ta Jos da ta Ibadan duk suna da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Abin da na sha gani shi ne ɗan jami'a ya fi zurfi a darasinsa, ɗan kwaleji ya fi iya riƙe aji. Akwai kuma wani ciwo: da yawa daga masu karanta ilimi a jami'a ba shi suka nema ba, likitanci ko lauya suka so aka turo su. Wanda ya shiga da wannan zuciyar ko an ba shi shekara goma ba zai lura da yarinyar ƙuryar baya ba. Shi ya sa idan aka tambaye ni wane ne ya fi shiri, nakan ce wanda ya yi NCE, ya koyar shekara biyu ko uku, sannan ya koma ya ɗora digiri. Hanyar ta fi tsawo, amma tunda dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, akwai lokaci.

Mai digiri ko HND a wani fanni daban, PGDE ce hanyarsa, wato diflomar koyarwa da ake yi bayan digiri, kusan shekara guda. Za ta buɗe masa ƙofar jarrabawar TRCN, iyakarta ke nan a mafi yawan wurare. Wata tara ko goma na karatun ƙarshen mako ba sa mayar da injiniya malamin aji ɗaya. Idan lissafi ko kimiyya zai koyar a sakandare, ta wadatar. Ya dai nemi inda da gaske ake zuwa duba gwajin koyarwa.

Sai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 domin malaman da ke bakin aiki. Karatu ne daga nesa, ana haɗuwa a cibiyoyi ranakun hutu. Ga malamin ƙauye mai iyali, ko matar aure da ke koyarwa a Islamiyya, rahama ce: ba a ajiye aiki ba, abin da aka karanta ran Asabar a gwada shi ran Litinin. Haka ma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ga mai neman digiri. Amma yaro ɗan shekara goma sha takwas da bai taɓa riƙe alli ba, ba na tura shi can. Yana buƙatar malami a kansa kullum. Ingancin cibiyoyin ma ya bambanta ƙwarai, don haka a tambayi waɗanda suka gama a cibiyar da ake son shiga, ba wata ba.

Abin da nake roƙon iyaye su guje masa shi ne kwalejojin da ke tsirowa a shaguna da azuzuwan firamare na haya, masu cewa suna da alaƙa da wata babbar makaranta. Na ga wanda ya sayar da akuyoyin mahaifiyarsa ya yi shekara uku a irin wannan wuri, ranar da ya je rajistar TRCN aka ce ba a san da makarantar ba. Sunayen kwalejojin da aka amince da su suna shafin NCCE na intanet, na jami'o'i kuma a na hukumar kula da jami'o'i, NUC. Idan kuɗi ne matsalar, kwalejojin gwamnati suna cikin tsarin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024.

Harshen koyarwa ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Kowace dokar ta zauna, yaron da ya shigo aji ɗaya a Gumel ko Dutsin-Ma da Hausa zai shigo. Kwalejin da ke koyar da yadda ake fara karatu da Hausa sannan a haye da yaro zuwa Turanci ta fi wadda ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya.

Kafin a biya ko sisi, a je makarantar da ƙafa, a nemi ɗan ajin ƙarshe a tambaye shi. Sau nawa malami ya zo duba ka a gwajin koyarwa, kuma ya zauna har ƙarshen darasi ko hannu kawai ya sa a fom? A kwas ɗin masu buƙata ta musamman, kun taɓa allon rubutun makafi da hannunku, an kai ku makarantar kurame, ko takardun malam kawai kuka haddace? Ɗakin kwamfuta a buɗe yake ga ɗalibai, ko sai ranar da baƙi suka zo? Wannan ta ƙarshen kada a raina ta. Na san malamai masu hazaƙa da suka faɗi jarrabawar TRCN ba don rashin sani ba, sai don ranar ce suka fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, lokaci ya ƙare suna neman inda za su danna. A kuma tambaya ko makarantar na shirya wa masu fita jarrabawar da bikin rantsarwa tun suna ciki, domin wadda ke yin haka ta rage wa ɗalibi wahalar shekara guda.