Layin KNO₃ da na NaCl a zanen narkewa: wanne ya fi narkewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin potasiyam naitiret, wato KNO₃, da NaCl, wato gishirin girki, wanne ya fi narkewa a ruwa, tunda a zanen layukansu sun gitta juna. Amsar tana ga zafin ruwan. Layin kwance na nuna zafi a ma'aunin Salshiyas, na tsaye kuma giram nawa ke narkewa a cikin giram 100 na ruwa kafin ruwan ya ƙoshi.

Layin NaCl kusan a kwance yake: kimanin giram 36 a digiri 20, giram 37 a digiri 60, da kyar ya kai 39 a digiri 100. Na KNO₃ kuwa hawa yake yi ba ƙaƙƙautawa: kimanin giram 13 a digiri 0, 32 a digiri 20, 64 a digiri 40, 110 a digiri 60. Suna haɗuwa ɗan sama da digiri 20. Ƙasa da nan NaCl ne a gaba, sama da nan KNO₃ ya yi masa fintinkau.

Inda bambancin ke fitowa sarai shi ne tambayar sanyayawa. Ɗauki giram 100 na ruwa da ya ƙoshi a digiri 60, ka bar shi ya huce zuwa 20. A KNO₃ ka cire 32 daga 110, giram 78 ne za su fito su kwanta a ƙasan kwalba. A NaCl abin da zai fito kimanin giram ɗaya ne kawai. Shi ya sa ake tsarkake KNO₃ ta hanyar sanyayawa, shi kuwa NaCl sai an ƙafar da ruwan.

Ɗigon da ya faɗa kan layi na nufin ruwan ya ƙoshi daidai. Wanda ke ƙasa, da sauran wuri. Na sama shi ke rikita ɗalibai. Giram 80 na KNO₃ a digiri 40 yana sama da layi, don haka 64 za su narke, 16 su zauna a ƙasa, sai fa in tambayar ta ce duka sun narke, wanda ke nufin ruwan ya ɗauki fiye da ƙarfinsa kuma girgiza kaɗan za ta sa rarar ta fito.

Ka kula, giram 100 ɗin na ruwa ne zalla. Ruwan KNO₃ da ya ƙoshi a digiri 60 nauyinsa 210 ne, ruwa 100 da KNO₃ 110. In an ba ka ruwa giram 50, raba abin da ka karanta biyu: 39 zai fito maimakon 78. In kuma ana son amsa a mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, raba giram ɗin da 101 ga KNO₃, da 58.5 ga NaCl.