Sikirin QD-OLED da na IPS: wanne ya fi nuna launi daidai?

Duk wanda aka ajiye wa sikirin QD-OLED mai inci 27 kusa da na IPS mai girma ɗaya, OLED ne zai fara ɗauke masa hankali, kuma akwai dalili. QD-OLED da IPS fasahohi ne biyu na ƙera sikirin, QD-OLED kuma wani nau'in OLED ne. A OLED kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto shi ke samar da haskensa, saboda haka idan hoto yana buƙatar baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya. IPS kuwa, wanda kamfanin Hitachi ya fito da shi a 1996, yana dogara ne da fitilar da ke kunne a bayansa, shi ya sa tazarar haskensa da duhunsa yawanci take tsayawa wajen 1000:1, baƙinsa kuma yakan koma toka-toka a ɗaki mai duhu. Wajen kallon fim da dare, IPS ba ya ko kama ƙafar OLED.

Sai dai kyan hoto daban, ingancin launi daban, kuma a nan ne ra'ayina ya karkata. Mafi yawan hotunan intanet an tsara su ne bisa ma'aunin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka ƙirƙiro a 1996, alhali QD-OLED yana iya nuna kusan dukkan launukan DCI-P3, wani ma'aunin launi na finafinai wanda ya fi sRGB faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Idan ba a taƙaita QD-OLED kan sRGB ba, sai ya zuzuta launi, fatar mutum ta yi jajir, ciyawa ta yi koren da ba ta da shi a zahiri. Masu saye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin inganci, amma ga mai gyaran hoto yaudara ce, domin abin da ya gani ba shi abokin cinikinsa zai gani ba. Idan aka mayar da sikirin biyun kan tsarin sRGB, aka daidaita farinsu a 6500K (farin da ya yi kama da hasken rana) da na'urar auna launi, bambancin yakan ragu ƙwarai.

Abin da ya fi damuna da QD-OLED shi ne yadda yake rage haske da kansa idan fari ya mamaye fuskarsa, wanda ke sa hoto ɗaya ya sauya kama gwargwadon abin da ke kewaye da shi. Da rana kuma, idan hasken taga ya sauka a kansa, baƙin nan da ake yabo yakan ɗan juya zuwa shunayya. Ga kuma fargabar tabon dindindin da hoton da ya daɗe a wuri ɗaya ke iya bari.

Mai fim da wasannin kwamfuta a ɗaki mai duhu ya ɗauki OLED. Wanda kuwa yake wuni yana gyaran hotuna da zane, IPS da aka auna, wanda kuskuren launinsa a ma'aunin Delta E, mai nuna tazarar launin da aka gani da na ainihi, bai kai 2 ba, zai fi ba shi kwanciyar hankali.