Kiret ɗin roba ko kwali da katako: amsa ga Hajiya mai burodi da yogot

Salam Hajiya, na ga tambayarki, wai a ɗan kamfaninki na burodi da yogot da ke Rigasa ki ci gaba da kwasar kaya a kwali da farantan katako daga sito zuwa wajen kwaɓi zuwa wajen ɗauri, ko ki daure ki sayi kiret ɗin roba. Toh ni dai a ganina indai zirga-zirgar cikin gida ce roba ta fi, amma ba kowace roba ba, kuma kwalin ma kar ki yar da shi gaba ɗaya.

Kwali arha gare shi, wani lokacin ma kyauta ake ba ki. Matsalar ba ki san me ya fara ɗaukowa ba kafin ya zo hannunki, sabulu ne ko maganin sauro ko fiya-fiya, shi kuma burodi da bota akwai jan wari. A ɓangaren yogot ma abin ya fi muni, robobi su fito daga firij suna zufa, kafin a kai su wajen manna takarda gindin kwalin ya jiƙe ya yi laushi, yaro na ɗagawa sai ki ji kaya a ƙasa, balle a watan Agusta da iskar Kaduna kanta a jiƙe take. Ki yage gefen wani tsohon kwali ki duba 'yan ramukan nan na tsakiya, nan kyankyaso yake maƙalewa ya yi ƙwai, kuma kwali ba ya wankuwa.

Katako akwai ƙarfi, kafinta zai buga miki daidai girman da kike so, ko a Panteka kika je. Sai dai yana shan mai da ruwa, in an wanke ba ya bushewa har ciki, sai fumfuna ta kama lungunan, ga ƙusa ga sartse da kan iya shiga kaya ba a lura ba.

Ita roba kafin ki biya kuɗi ki kifa kiret ɗin ki duba gindinsa, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lambar na nuna irin robar ce, lamba 2 ita ce HDPE, lamba 5 kuma PP, su biyun nan aka fi yin kiret ɗin abinci da su, amma halinsu ba ɗaya ba. Mai lamba 5 ta fi jure zafi, sai wajen digiri 160 take narkewa, ita kuma mai lamba 2 tun wajen 130, amma in aka koma sanyi sai labari ya sha bamban, lamba 5 kan yi tauri ta tsage in ta daɗe a firiza aka buga ta da ƙasa, lamba 2 kuwa ko a jikinta. Kin ga kenan yogot da ɗakin sanyi lamba 2, burodi mai ɗumi lamba 5. Mai ɗumi fa na ce, don gwangwanin da ya fito daga oben yanzu-yanzu ko wacce kika ɗora shi a kai sai ya bar mata tabo. Ki kuma nemi hoton kofi da cokali mai yatsu, shi ke nuna an yi robar don taɓa abinci. Waɗannan baƙaƙen masu ɗan wari da ake narka tsofaffin robobi a yi, su yi ta ɗaukar kayan da ke rufe cikin leda, amma tsurar abinci a'a. Haka shuɗin duro na hannu da ba a san sinadarin da ya zauna a ciki ba, don Allah kar arha ta ja ki ki zuba madara.

Sai maganar mai huji da rufaffe. Burodi mai huji yake so, tururi ya fita ya huce sosai kafin a sa a leda, in ba haka ba ledar ta yi gumi kwana biyu ya fara fumfuna. Fulawa da sukari da madarar gari kuma rufaffe mai murfi, kin san ƙurar hunturu ko ta ƙasan ƙofa shigowa take.

Abin da mutane ke rainawa shi ne girma. Ki sayi iri ɗaya, kar yau ki ɗauko biyar a Kasuwar Gumi gobe uku a Kawo kowanne da bakinsa, ba za su hau kan juna ba. Girman da ya fi yawa shi ne santimita 60 da 40, guda 4 ke zama cif a kan falet, wato dandamalin da ake jera kaya a kai, mai 120 da 80, kaya sun tashi daga ƙasa kenan, wanda dama yana cikin abin da jami'an NAFDAC ke dubawa in sun zo. Akwai ma irin wanda in da kaya sai a juya shi kai da ƙafa ya zauna a kan ɗan uwansa bai danne burodi ba, in babu kaya a mayar ya shige ciki, sito ya samu fili. In kina mitfai ki raba launi, ja na ɗanyen nama da ƙwai, fari na abin da aka gama, ko sabon yaro ba zai haɗa ba.

Gaskiya robar ma da nata wahalar. Kuɗi ne a dunƙule tashin farko, sannan kullum sai an wanke da ruwan ɗumi da sabulu an kife ya tsane, in ba ki da wadataccen ruwa ki lissafa da kuɗin mai ruwa. Banda soson ƙarfe, yana karce jikin datti ya samu wurin zama, banda kuma shanya a rana tsaka kullum, robar bushewa take ta fara karyewa. Babbar asarar ma ɓata ce, kiret na fita ƙofa a napep zuwa wajen mai shayi sai ki gan shi ya zama wurin ajiye kofuna, ko ma'aikaci ya wuce da ɗaya gida. Shi ya sa kayan da za su tafi Zariya ko Abuja ki bar su a sabon kwali, kiret kuma a rubuta masa lamba da fenti ta waje, a ƙirga duk yamma. In kuɗin ba za su isa gaba ɗaya ba ki fara da ɓangaren yogot, can ne kwali ya fi cutar ki, burodin ya biyo baya.