Hanyar ƙafa daga ƙauye zuwa bakin rafi: me ya kamata a saya?

Duk wanda aka ɗora wa nauyin fitar da hanya daga gari zuwa kurmi ko bakin rafi, abin da yake fara tambaya shi ne da me za a shimfiɗa ta. A ganina wannan tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce ina ruwan sama zai bi, domin ruwa ne ke cinye hanya tun kafin sawun mutane ya yi mata komai. Saboda haka a fara ware kuɗin magudana, abin da ya saura a kai shi kan shimfiɗa.

Kwata ta kankare tana kwashe ruwa nan take, kuma ita ta dace da cikin gari inda gidaje suka matse. Matsalarta tana can inda ta ƙare. Ruwa yakan fito da ƙarfinsa ya fara haƙa, kafin a ankara zaizaya ta buɗe baki. In an zaɓe ta, dole a jibge duwatsu a bakinta.

Da zarar an fita bayan gari, na fi son magudana mai ciyawa, wato kwari mai faɗi marar zurfi da aka dasa wa ciyawa. Ruwa yana tafiya a hankali, wani yana nutsewa cikin ƙasa, itatuwan gefen hanya su sha. Ciyawar jema tana da kyau a gefenta, don saiwarta tana nutsawa mita 3 ko fiye, kuma ƙasa take dosa kai tsaye, ba ta yaɗuwa cikin gonar maƙwabci. Sai dai irin wannan magudana tana cin fili, tana son yanka, kuma dole ruwan ya tsane cikin kwana 2 zuwa 3. In ya kwanta mako guda ko fiye a lokacin zafi, sauro ya samu gida. Inda gangare ya yi tsanani, a gitta mata kwandunan waya cike da duwatsu su rage wa ruwa gudu.

Sai shimfiɗa. Jar ƙasa da aka daɓe ita ce mafi araha, amma kowace damina sai an gyara. Tsakuwa ta fi ta ƙarko, da sharaɗi ɗaya da masu saye ke yawan mantawa: a sayi fasasshiya mai kaifin gefe, a gauraya da garin dutse, don ita ke kama juna idan aka daɓe. Ta rafi mai santsi tana da kyan gani, amma zamewa take a ƙarƙashin ƙafa, keke kuwa nutsewa yake. Intalok, wato ƙananan bulo na siminti da ake jerawa, ya fi tsada, amfaninsa shi ne ana ciro guda-guda a gyara a mayar, muddin an yi masa shinge a gefe. Kankare kusa da manyan itatuwa asara ce, saiwa za ta tsaga shi. Katako na fadama ne kawai, inda ƙasa ba ta ɗaukar nauyi, kuma sai wanda aka jiƙa da maganin gara da ruɓewa.

Ko wacce aka ɗauka, a karkata hanyar gefe kamar kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya sauka. Hawanta kada ya wuce mita 1 a cikin 20 idan ana son tsofaffi da masu keken guragu su bi, faɗinta kuma mita 1.5 zuwa 1.8 don mutum biyu su gifta juna.

Wurin ƙetare ruwa nan ne 'yan kwangila ke son rage kuɗi. Kwalbatin da bakinsa bai kai santimita 60 ba, ganye da yashi za su toshe shi, yashewarsa kuma aiki ne. A rafin da ke kawo ambaliya gara a yi ƙaramar gada, ƙafafunta a kan tudu. Kafin a sa hannu a takarda, a kai ɗan kwangilar wurin bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya nuna da yatsa inda kowane ruwa zai fita, a rubuta shi cikin yarjejeniya tare da wanda zai riƙa yashe magudanar.