Allon tuƙi a tsaye a kogin Yamai: wanne zai jure ranarmu da ruwanmu?

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne a bakin Kwara. Duk wanda ya taɓa sauka gaɓar Gamkalle ko ta Gudel da sassafe ya ga masunci tsaye a ƙarshen kwalekwalensa yana dogara gora a ƙasan ruwa. Abin da ya zo mana daga waje shi ne allon nan mai faɗi, wanda tsawonsa ya ɗara mita 3, mutum ɗaya ya hau ya miƙe yana tuƙawa da dogon filafili. Masu Faransanci na ce masa paddle, a jikin kayan kuma SUP ake rubutawa. A tsibiran Hawai wasan ya samu siffarsa ta yau, ya kuma bazu duniya a farkon shekarun 2000, bayan da gwanayen hawan igiyar teku irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka rungume shi.

Ina son wasan nan, kuma burina in ga matasan Yamai, maza da mata, suna morar koginsu ba kallonsa kawai daga saman gadar Kennedy ba. Sai dai yawancin shawarwarin saye da ke intanet an rubuta su ne don tafkunan Turai, inda ruwa ke tsaye kuma rana ba ta da ƙarfi. Mu kuwa rana muke da ita mai narka gam, da kogi mai gudu. Waɗannan biyun ya kamata su zaɓa maka kaya, ba launi ko hoton da ke kan kwali ba.

Na iska ko mai tauri

Allo iri biyu ne. Mai tauri cikinsa soso ne mara nauyi, an lulluɓe shi da zaren gilashi da wani ƙaƙƙarfan gam. Ya fi gudu, ya fi bin hannu, kuma ba ruwanka da famfo. Amma ka tambayi kanka yadda abu mai tsawon mita 3 da wani abu zai iso Yamai bai tsage ba, da inda za ka ajiye shi, da motar da za ta kai shi bakin ruwa. Idan ya daki dutse ya fashe, ruwa ya shiga soson, gyaransa sai da kayan da ba ko'ina ake samu ba. Zafi ma na sa fatarsa ta saki soson ta kumbura. Ga mai farawa a garin nan, ban ga dalilin sayensa ba.

Na iska shi ne namu. Nauyinsa kilo 8 zuwa 12, ana naɗe shi a jakar goyo, ya hau bayan babur, kuma ya shiga cikin kilo 23 da yawancin kamfanonin jiragen sama ke yarje wa akwati ɗaya. Ba balan-balan ba ne: a cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka haɗa fatar sama da ta ƙasa, idan iska ta cika sai zaruruwan su miƙe su riƙe shi shimfiɗe, ya yi tauri har babban mutum ya tsaya a kai bai lanƙwashe ba. Galibi ana hura shi har ma'aunin matsin iska ya nuna PSI 15, wato kimanin bar 1.

A nan ne ya kamata mai saye ya natsu, don na iskan ma suna suka tara. Akwai mai fata ɗaya, shi ne mafi araha da rashin nauyi, kuma shi ke saurin lanƙwasa da hudawa. Akwai mai fata biyu da aka manna da gam, mai ƙarfi amma mai nauyi. Sai wanda aka narka fatun biyu suka zama ɗaya tun a masana'anta, wanda za ka ga an rubuta fusion ko MSL a bayaninsa. Bayan fata, ka nemi sanin yadda aka haɗa gefen allon, domin ta nan yake mutuwa. Wasu gam ne kawai ya riƙe gefen, wasu kuma da zafi aka like shi. A Yamai wannan bambanci ya fi kowane muhimmanci. Lissafin a fili yake: iskar da ka hura da safe tana da zafin digiri 25, idan ka bar allon a kan rairayi har cikinsa ya kai digiri 60, PSI 15 ɗin nan ya haura 18, a daidai lokacin da gam ɗin gefen ya yi laushi. Haka allo ke fashewa ba wanda ya taɓa shi. A watannin Afirilu da Mayu, da zafin inuwa kansa ke wuce digiri 40, wannan ba abu ne mai wuyar faruwa ba. Saboda haka in kuɗinka ya kai, ɗauki mai narkakkiyar fata da gefen da aka like da zafi, mai launi fari ko mai haske. In bai kai ba, sayi na gam ɗin, amma ka ɗauki alkawari: da ka fito ruwa ka rage masa iska, ka kai shi inuwa, kada ya taɓa wuni a but ɗin mota ko a ɗakin kwano.

Girma ba ya buƙatar doguwar muhawara. Na koyo shi ne mai tsawon santimita 320, faɗin 81, kaurin 15, wanda ake rubuta wa 10'6. Faɗin shi ke hana ka faɗuwa. Akwai dogo siriri mai santimita 380 da tsinin baki, ya fi yanka ruwa idan kana haurawa gaba da gudun kogi, amma yana girgiza ƙarƙashin sabon shiga. Wanda ya iya iyo sosai kuma ya san zai riƙa doguwar tafiya zai iya farawa da shi. Masu kaurin santimita 10 na yara ne da marasa nauyi. Babban mutum ya hau, tsakiyar ta nutse. Nauyin da aka rubuta cewa allo na ɗauka kuwa, kada ka matse shi: in kai kilo 90 ne, nemi wanda aka rubuta wa 130 ko fiye.

Kuɗi da inda ake samu

A Turai, masu araha irin Itiwit na kamfanin Decathlon ko Aqua Marina sukan kama daga yuro 200 zuwa 400, manyan sunaye kamar Red Paddle Co da Starboard kuma sukan kai 800 har su wuce 1,000. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ke nan allon yuro 300 ya tasam ma jika 197, ba a sa kuɗin ɗauko da na duwan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya riƙo maka a kayansa. Ka duba ko famfo da filafili na cikin kuɗin, don wasu allon kaɗai suke sayarwa. Ka kuma roƙi a haɗo maka da bawul na canji da makullinsa da ƙyallen faci, tunda ƙananan abubuwan nan su ke ajiye allo wata da watanni.

Akwai kuma na hannu, wanda ma'aikatan ƙungiyoyin waje kan sayar idan za su bar ƙasa. Yana iya zama garaɓasa, yana iya zama asara. Kada ka biya sai ka hura shi ya cika, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin bawul da duk kewayen gefen, ka durƙusa ka bi shi a hankali da ido. Inda iska ke fita za ka ga ƙananan kumfa na tasowa a jere, wani lokaci har ka ji ɗan sauti siriri. Ka bar shi ya kwana a hure, da safe ka sake aunawa. Ƙaramar huda a fatar sama ko ta ƙasa ba komai ba ce, ana facinta da gam ɗin PVC, wato irin robar da aka yi fatar da ita, amma ka gaya wa mai faci kada ya sa na taya, ba ya kamawa. Gefen da ya fara ɓanɓarewa kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ka shiga tsakiyar kogi da shi.

Filafili wuri ne da za ka iya tsimi. Na alminiyam ya kusa kilo ɗaya, yana ɗaukar zafi a rana, amma yana jure duka kuma ya isa koyo. Na kabon bai fi rabin wannan nauyi da kaɗan ba, kafaɗa na jin daɗinsa, sai dai tsada da saurin tsagewa a dutse. Na zaren gilashi na tsakaninsu. Kowanne ka ɗauka, ya zama mai ƙarawa da ragewa, ka saita shi ya ɗara tsawonka da santimita 15 zuwa 20. Famfon hannu mai ma'auni ya wadatar. Fiffiken da ke ƙarƙashin allo kuma, wanda ke sa shi tafiya miƙe, nemi gajere mai lanƙwasa ka ƙara a kan dogon da aka haɗo da shi, don lokacin janyewar ruwa dogon na karo da duwatsu ya wurgar da kai gaba.

Inda ba a neman araha

Kusan kowane allo na zuwa da igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu don kada ya gudu ya bar ka. A tafki tana ceton rai. A ruwa mai gudu tana iya ɗauke shi. Idan ka faɗi, allo ya bi ta wannan gefen kututture ko ƙafar gada ko igiyar koma, kai ka bi ta wancan, ruwa zai miƙe ka ya danna ka ƙasa, kuma hannunka ba zai kai idon sawunka ba. Abin da ake amfani da shi a kogi shi ne bel na ƙugu mai ɗan ƙwallo a gaba, ka ja shi sau ɗaya igiyar ta sake ka. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da na allo. Ka saye shi tare da allon, ka kuma gwada jan ƙwallon a tudu ido rufe har hannu ya saba.

Rigar ceto ma dole ce, ko kai gwanin iyo ne. Lambar da ke jikinta na nuna ƙarfin da take ɗaga mutum a ruwa: mai lamba 50N taimako take yi wa wanda ya iya iyo. Wanda iyonsa bai nuna ba da yara, 100N mai abin tallafe wuya. Ka sa ta a jiki ka ɗaure, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. In ta haura kunnuwanka, ta yi maka yawa. Wanda bai iya iyo ba sam, ya fara koyon iyo tukuna, allo zai jira. Hula mai igiya, riga mai dogon hannu mara shan ruwa, gorar ruwan sha da jakar waya mai hana ruwa su cika kayan. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Kogin kuma yana da lokutansa. Kwara na cika sau biyu a Yamai. Na farko jan ruwa ne na Agusta da Satumba, wanda Sirba da sauran rafukan yamma ke kwararowa da shi, mai laka da itace da ƙarfin gaske. A Satumbar 2020 ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa katangar kariya ya ci unguwanni. Wannan ba lokacin allo ba ne ga kowa. Na biyu ruwan Gine ne, wanda ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso mana daga Disamba zuwa Fabrairu. Ya fi tsabta, amma kogin na da faɗi da gudu, ga iskar hunturu daga arewa maso gabas tana tura mutum daga gaɓar gari zuwa ta Harobanda, kuma allon iska ba ya da nauyin da zai yi mata gardama. In ta fi ƙarfinka, ka durƙusa ka tuƙa a gwiwa. Mai koyo ya fi samun sauƙi bayan ruwa ya fara ja, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Kullum ka fara da haurawa gaba da ruwa, don dawowa ta zo lokacin da ka gaji.

A Gudel akwai ƙaramar madatsa da aka gitta a kogi don tare ruwan shan gari. Irin waɗannan madatsu ba su da tsawo, amma ruwan da ke zubowa ƙasansu juyawa yake yi yana mayar da duk abin da ya kama. A Oktoban 2021 wani haɗari a wata madatsa a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya ya yi sanadin rasuwar mutum huɗu masu irin wannan allo. Ka yi nesa da madatsar Gudel ta sama da ta ƙasa. Tsargiya ma na nan a ruwan gefe mara gudu mai kainuwa, inda dodon koɗin da ke ɗauke da ita yake. Kada ka daɗe tsaye a irin wurin, ka goge jiki da ka fito, in kuwa ka ga jini a fitsari ka je likita, maganinta praziquantel sananne ne.

Sai dorina. Tana nan a kogin, ta wajen Bubon da Ayoru har kusa da gari, kuma dabbar da ke kifar da kwalekwalen katako ba allon iska ne zai tsaya mata ba. Babu kayan da za ka saya da zai gaya maka inda ta kwana, masunta ne suka sani. Kafin ka hura allo, ka je ka gaishe da dattijon da ke gyaran koma a gaɓa. Ka ce, “Baba, ina kwana, ya ruwa? Ina so in ɗan haura nan gaba, ina dorina take kwanan nan, ina kuma kuka zuba koma?” Abin da ya ce ka bari, ka bari. A fitowarka ta farko da ta biyu, ka yi ciniki da ɗaya daga cikin yaransa ya riƙa binka da kwalekwale, ku daidaita kuɗin tun a tudu, ka kuma sa wannan kuɗi a lissafin sayen allon tun farko.