Tsohuwar mota a Amurka da tamu ta Maradi

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da yaran gareji baki ɗaya. Kun tambaye ni aikin da nake yi a nan Karolina ta Arewa. Garejin da nake ciki tsofaffin motoci kawai ake kawo masa, na shekarun 1960 da 1970, waɗanda a wajenmu da tuni an sayar wa masu gwangwan.

Injin da ya fi zuwa hannunmu shi ne Chevrolet 350, mai silinda 8, lita 5.7, wanda ya fara fitowa a 1967. Masu shi ƙarin ƙarfi suke nema, ba gyara ba. Abu na farko, mu cire tukunyar hayaƙin nan ta baƙin ƙarfe da ta zo da injin, mu ɗaura hedas, wato jerin bututan fitar da hayaƙi. Kowace silinda da nata bututun, tsayinsu kusan ɗaya, sai can ƙasa su haɗu. Hayaƙin da ya fita da gudu yana janyo na bayansa, silinda ta wofinta sosai kafin sabon fetur ya shigo. Daga nan sai a taɓa kabureta, don iska ta ƙaru, in ba a ƙara mata mai ba injin zai yi zafi. Wasu sukan canja ta gaba ɗaya su sa Holley ko Edelbrock mai baki huɗu.

Aikin da wuya. Bututun siriri ne, zafinsa na ƙona wayar buji, yana kuma gasa sitata har mota ta ƙi tashi in ta yi tafiya. Notuna na kwancewa bayan injin ya yi zafi ya huce, dole a sake ɗaure su, in ba haka ba gasket ya fara huci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kaya. Motar da ta haura shekara 50, ka shiga shafin masu sayar da kayan mota irin su Summit Racing ko JEGS a waya, ka sa sunanta da shekararta, cikin 'yan kwanaki sabon kaya dal yana ƙofar gareji. Ba aike Ƙofar Ruwa a Kano, ba jiran direban Katsina, ba ciro na wata matacciyar Pijo 504 ana addu'a ya dace.

Amma hannu, Kawu, nan kun fi su. Awa ɗaya ta makaniki a nan takan wuce dala 100, shi ya sa ba wanda ke gyara abu, sai dai a jefar a sayo. Bututu ya tsage, ba za a kira mai walda ba. Da na ba su labarin yadda ake cika bututu da yashi a gasa shi a lanƙwasa ba tare da ya lotse ba, tsayawa suka yi suna kallona.

Sai dai kada yaran su ga hotunan da na turo su ce za su yi wa motocin haya haka. Motocin nan sai ranar hutu ake fito da su, a kan kwalta mai santsi, su koma ɗaki. Bututun hedas kuwa yana saukowa ƙasa sosai, ramin farko a hanyar ƙauye zai murƙushe shi, ga lodi, ga fetur na kwalba. Tukunyar baƙin ƙarfe ta fi mana.

Abin da zan aiko muku shi ne rigar wayar buji mai hana zafi da makullin auna ɗauri. Ku gaya mini in akwai mai tahowa ta Yamai kafin azumi. A gaida Inna.