Asibitin dabbobin da ya mayar da ni gida ba a yi allura ba

Wata huɗu ke nan ina kai karena da kyanwar gidanmu wani ƙaramin asibitin dabbobi. Abin da ya sa na riƙe su, ranar farko da na je sun ƙi yi wa kwikwiyona allurar rigakafi.

Shekara biyu da suka wuce na yi asarar wani kwikwiyo. Wani mai bi gida-gida ne ya zo da tsakar rana, ya zaro kwalbar magani daga aljihun rigarsa, ya tsira masa allura ɗaya, ya ce an gama. Ba a rufa wata ba ya fara amai, ya ƙi abinci, sai gudawa mai jini da wani ƙarni wanda har yau hancina bai manta ba. Farbo ce ta kama shi, wata cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, kwana uku ya yi. Ƙaramin ɗana ya yi mako guda ba ya bi ta inda yake kwanciya.

Don haka da aka ba ni wani kwikwiyon, Zaki, yana ɗan mako bakwai, ban tsaya wasa ba, na kai shi asibitin. Likitar ta ɗora shi kan teburin ƙarfe, ta auna nauyinsa da zafin jikinsa, ta ɗaga leɓensa ta dubi dasashin, ya yi fari fat. Ta lallatsa cikinsa da ya yi tulu, ta ce, "Malam, yau dai a yi haƙuri. Tsutsa ta cika masa ciki. Lafiyayyen jiki ake yi wa rigakafi." Raina bai so ba, don aiki na baro. Ta ba shi maganin tsutsa, ta ce mu dawo bayan kwana 10.

Da muka koma, a gabana ta buɗe firji. Akwai ma'aunin sanyi rataye a ciki, ta nuna mini: tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye maganin, in zafi ya taɓa shi ya tashi aiki. Nan take aljihun mutumin nan ya faɗo mini a rai. Bayan ta yi allurar, ta ɓare 'yar takardar jikin kwalbar ta manna a katin Zaki, da lambar maganin da ranar da zai lalace, ta sa hannu.

Na tambaye ta dalilin da allura ɗaya ba ta isa ba, ta ja kujera ta zauna. Ashe kariyar da kwikwiyo ke samu daga nonon uwarsa na farko tana iya hana rigakafin kamawa, kuma lokacin da take gushewa ya bambanta daga wannan ɗa zuwa wancan. Shi ya sa ake farawa a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Allurar haɗaka ce, ta farbo da distemfa (cuta mai kama numfashi da ƙwaƙwalwar kare) da ciwon hanta. Ta kuma sa na wanke tsohon ɗakin kare da bilic, domin ƙwayar farbo na yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba.

Allurar ciwon haukan kare daban take, sai da ya cika wata uku. A bangon wurin jira akwai takardar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, kuma ɗana ne ya tsaya yana karanta mini ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Na dubi yaron, hannunsa a wuyan Zaki. Likitar ta ce masa, "Ɗana, ko ƙwarzane ne, ka faɗa wa Baba. A wanke da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti."

Kyanwar ma an yi mata nata: na ciwon hauka, da na wata cutar hanji 'yar'uwar farbo, da na murar da ke kama ido da baki. An naɗe ta a tawul, kafin ta ankara an gama. Ta yi kwana ɗaya a lafe, kamar yadda aka faɗa mana tun da farko.

Akwai inda suka gaza, kuma ya dame ni ƙwarai. Wurin jira ɗaya ne. Mai kare mai gudawa da mai kwikwiyon da bai gama rigakafi ba, benci guda suke zama. Duk zuwan da muka yi a ƙirjina na riƙe Zaki, ban bar ƙafarsa ta taɓa daɓen ba. Ba su kuma kira su tuna wa mutum rana, allura ta uku saura ƙiris ta wuce ni. Na faɗa wa likitar duka biyun, ta saurara ba ta kawo uzuri ba, amma zuwana na ƙarshe bencin na nan yadda yake.

Duk da haka can zan koma. Katin Zaki da na kyanwar suna cikin jakar da nake ajiye katin rigakafin yara, ranar allurar baɗi kuma na sa ta a waya.